LITTAFIN AIBUN GIDAJE — Shafi na 23

Masu turo min saƙo tun jiya kuna cewa 'Yar Ofis ta cika taurin kai, wai ta bar manya su yi abinsu, na gani, na kuma karanta duka. Ku dai gyara zama. Wanda ya shigo mana yau kuma, ga inda muke. Mai Makullai, dillalin gidajen nan da ya shekara talatin a ofis ɗaya, yau kwanansa goma sha tara da rasuwa. Ƙanensa, Baba Ƙarami, ya ɗare kan kujerarsa, har ya samo mai sayen gidan nan mai jar ƙofa da ke gangare, gidan da marigayi ya ƙi sayarwa ya ƙi ba da haya har ya koma ga Allah. Takardun gidan suna kulle a durowar ƙarfe ta ofis, makullin durowar kuwa yana jakar babbar 'yar marigayi, wato 'Yar Ofis.

*

Dillalai bakwai ne suka cika ofishin da rana, sun zo yi wa abokin sana'arsu addu'a, su kuma tuna da shi. Sai da aka aro benci biyu a wurin telan da ke maƙwabtaka. Butar shayi na kan ƙaramin rishon da ke lungu tana ta huci, a waje kuma hadari ya fara haɗowa.

'Yar Ofis tana kan ɗan teburinta na bakin ƙofa, ta rungume jaka a cinya. Tun tana shekara shida take biyo mahaifinta wurin nan, shi ya sa sunan ya bi ta har gida. Ba ta kalli Baba Ƙarami ba, allon makullai take kallo, mai ƙusoshi jeri-jeri, kowane makulli da ɗan kwalinsa da rubutun babanta. Ƙusa ɗaya ce babu komai a kanta. Nan makullin gida mai jar ƙofa yake rataye shekara da shekaru, da jan zare a wuyansa, alamar da marigayi yake yi wa gidan da bai yarda mutum ya kwana a ciki ba. Tun ranar da ta ji ƙishin-ƙishin ɗin ciniki ta sauke shi ta jefa a jaka, hankalinta ya ɗan kwanta.

Baba Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a sana'ar, shi ya riƙe hirar. Ya ce shi bai taɓa ganin dillalin da ke ɓata cinikinsa da bakinsa ba sai Mai Makullai. Kafin ya zura makulli a ƙofa zai tsayar da mai neman gida ya ce, “Tsaya in fara gaya maka aibinsa.” Sai ya jero: banɗakin yana wari in zafi ya yi zafi, maƙwabci yana da injin niƙa da yake tayarwa tun kafin gari ya waye, famfo yana zuwa sau biyu a mako in ya ga dama. In ka ji ka gani, bismilla.

Wani ya ce ai abin da ya fi ba shi dariya shi ne in an yi ruwa mai ƙarfi. Kowa yana gudun neman mafaka, shi kuwa zai naɗe ƙafar wando, ya ɗauki sandarsa da alli, ya bi gidajen da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya yana auna inda ruwa ya kai. Ya dawo sharkaf, ya zauna ya rubuta a baƙin littafinsa.

Baba Dogo ya ce su bar ta gidaje ma. Ranar da aka zo neman auren ƙanwar 'Yar Ofis, mutumin nan sai da ya zaunar da saurayin ya ce masa yarinyar tana da barcin safe, ba ta son wanke tukunya, in ta yi fushi kuma sai ta kwana biyu ba ta ce uffan ba. Saurayin ya ce ya ji ya gani, ga su nan da 'ya'ya biyu.

Aka kwashe da dariya. Ita ma sai da murmushi ya suɓuce mata, hawaye na biye da shi. Ta tuna yadda komai cinikin da ake ciki yake rufe ofis kafin rana ta faɗi, wai shi ba ya cin abinci sai da hayaniyar 'ya'yansa. Ƙofar ɗakin Mama ta ɗan yi ƙara, zai tashi da man inji a hannu. Kewarsa ta taso mata.

Ana cikin haka aka yi sallama. Mai sayen gidan ne, direban motar asibiti, ya sha kayansa masu kyau, ga biro a aljihun gaba, fuskarsa sai walƙiya take don murna. A kafaɗar rigarsa akwai ɗan farin fenti da ya goga a wani wuri. Baba Ƙarami ya miƙe da sauri ya ba shi kujera, ya ce a zuba wa Direba shayi, yau ranar sa hannu ce, ga shaidu ma Allah ya kawo.

Sannan ya juyo wurinta, ya sassauta murya.

“'Yata, miƙo min makullin durowar nan.”

“Ba zan bayar ba, Baba Ƙarami.”

Mai kurɓar shayi ya tsaya da kofi a baki.

Baba Ƙarami ya yi 'yar dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Ya ce wa mutane su yi haƙuri, zafin rashi ne, yarinya ce. Ya sake cewa ta miƙo, kada ta kunyata shi a gaban baƙo. Ta ce ita ba ta zo kunyata kowa ba, amma a ofishin nan ba a taɓa sa hannu ba sai an gaya wa mai saye aibin gida, kuma ba a kanta za a fara ba.

Ta zuge jaka ta fito da baƙin littafin. Ya yi kauri, bangonsa ya sha hannu, an ɗaure shi da roba. Kowa a wurin ya san shi. Ta juya wurin Direba.

“Malam, tsaya in fara gaya maka aibinsa.”

Baba Dogo ya sunkuyar da kai, don yadda ta faɗa sak da yadda uban yake faɗa.

Ta buɗe wurin da aka naɗe gefen takarda, ta shiga karantawa. Gida mai jar ƙofa, gangare. Kowace shekara da layinta. Shekara kaza ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida, tsagar bangon ɗakin barci yatsa biyu. Shekara kaza yatsa uku. Ta tsallake zuwa layin ƙarshe, wanda ya rubuta mako uku kafin ya kwanta ciwo, rubutun ma har ya fara rawa.

“‘Bana hannuna ya shige tsagar har wuyan hannu. Ruwa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin bangon. In aka yi ruwa mai ƙarfi biyu a jere, ban ga alamar zai kai na uku ba.’”

Ta ɗago ta ce a makon nan kaɗai an yi biyu, kowa shaida ne.

Walƙiyar fuskar Direba ta ɗauke. Ya buɗe baki zai yi magana, Baba Ƙarami ya tare shi. Ya ce duk wannan tsohon zance ne, shi da kansa ya kai magini, an cushe tsagar da siminti, an yi fenti ciki da waje, gida ya koma sabo fil. Ya ce yayansa, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma tsoro ya yi masa yawa, shi ya sa ya shekara talatin yana sayar wa mutane gidaje shi kuma bai ajiye wa iyalinsa abin a zo a gani ba.

“Siminti ka sa a baki, Baba Ƙarami. Ciwon yana ƙasa.”

“Ke magini ce?”

“A'a. 'Yar wanda ya auna ce.”

Direba ya sake ɗaga hannu, ya ce shi fa yana da magana. Baba Ƙarami ya galla masa harara ya ce ya bari tukuna, maganar gida ake yi. Bawan Allah ya sauke hannu yana murza biro.

Nan fa ran Baba Ƙarami ya ɓaci na gaske. Ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle. Ya ce shi ya gaji da wannan littafin da ake ɗaga masa kamar wani abin tsarki, ya gaji da jin Mai Makullai kaza, Mai Makullai kaza, sai ka ce shi kaɗai uwarsu ta haifa da gaskiya. Ya nuna ta da yatsa.

“Tun da karatu kike so, buɗe shafin farko.”

Baba Dogo ya miƙe tsaye. Ya roƙe shi don girman Allah ya bar wannan maganar, mutumin nan ko wata bai yi a ƙasa ba. Baba Ƙarami ya ce a'a, ai ita ta ce a ofishin nan aibi ake fara faɗa, to a fara daga farko.

'Yar Ofis ta dubi littafin. Ta san shafukan farko guda biyu a manne suke da gam. Tana ƙarama ta taɓa tambaya, baban ya ce mata shayi ne ya zube a wurin, ya kuma sauya hira. Ba ta sake tunawa da abin ba sai yau.

Ta kalli Baba Dogo, ya kau da ido. Wato shi ma ya sani.

Tsoro ya kama ta, ba za a ce bai kama ta ba. Amma ku da kuke bin labarin nan kun san halinta, ba a yi mata barazana ta ja da baya. Ta tashi ta je lungu, ta kara gefen littafin a bakin butar shayi, tururi ya yi ta dukan takardar. Babu wanda ya motsa. Da gam ɗin ya yi laushi ta zare fil daga ɗankwalinta, ta bi gefen a hankali har shafukan suka rabu.

Rubutun babanta ne, na lokacin da hannunsa yake da ƙarfi. Ta karanta layin farko a zuci, ta dafa bango. Baba Dogo ya ce ta rufe, ta tafi da shi gida ta karanta ita kaɗai. Ta girgiza kai. Ta ce shi bai taɓa raɗa wa mai saye aibin gida a kunne ba, a fili yake faɗa, ita ma a fili za ta karanta.

“‘Wannan shafin aibina ne, ba na gida ba. Na ga tsagar bangon ɗakin barcin gida mai jar ƙofa da idona. Na sa aka cushe ta da siminti, na shafa fenti da hannuna. Na sayar wa wani mai ɗinkin takalma da matarsa, baƙi ne, ba su san halin gangaren ba. Matar ta tambaye ni ko ruwa yana shiga. Na ce mata a'a.’”

Ta ci gaba.

“‘Wata huɗu suka yi a ciki. Bangon ya faɗo musu suna kwance, duka biyun ba su tashi ba. An zaro jaririyarsu daga ƙarƙashin gado, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na nemi danginsu shekara biyu ban samu kowa ba. Ranar da abin ya faru na kai ta gida, na gaya wa matata abin da na aikata, ta karɓe ta ta goya. Ita ce babbar 'yarmu.’”

Kwanan watan faɗuwar bangon da ya rubuta a ƙasa shekara ashirin da bakwai ne da suka wuce. Shekarunta ke nan cif.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da ta ji ba. Ta ji haushinsa, haushi mai zafi, irin wanda ba ta taɓa zaton za ta ji a kan mutumin nan ba. Mutumin da ya gaya wa saurayi cewa 'yarsa ba ta son wanke tukunya, shi ne ya dube ta shekara ashirin da bakwai bai gaya mata wannan ba. Idonta ya sauka kan katakon ƙofar ofis, inda yake tsayar da ita kowace shekara ya ja layi da alli a saitin kanta, da allin da yake auna ruwa. Layukan suna nan, ya bi su da biro don kada su goge. Sai son sa ya taso ya haɗu da haushin, ta rasa wanda za ta riƙe.

Baba Ƙarami ya gyara zama a kujerar marigayi, ya harɗe hannuwa.

“To kin ji. Ga gwanin gaskiyar naku. Ke kuma da kike ɗaga min murya a ofishin ɗan'uwana, ba jininmu ba ce, tsintar ki aka yi a cikin ɓaraguzai. Ajiye makullai ki fita, mu gama abin da ya tara mu.”

Wani daga cikin dillalan ya ce haba, wannan ba magana ba ce. Baba Dogo kuwa hawaye yake sharewa da hularsa.

Ta share fuskarta da bayan hannu. Ba ta ajiye komai ba.

“Ban gama ba, Baba Ƙarami. Akwai saura a ɗaya shafin.”

Ya ce ta karanta mana, me ya rage.

“‘Gidan na iyayenta ne, sun saya, ba su sayar ba. Saboda haka nata ne. Na je an mayar da takardun da sunanta, suna cikin durowar ƙarfe. Na sa an sake gina bangon, ya sake tsagewa. Ba zan rushe gidan ba don ba nawa ba ne, ba zan kuma bar kowa ya kwana a ciki ba. Ranar da na samu ƙarfin halin gaya mata, ita za ta ce a rushe.’”

Ƙarƙashin wannan akwai gajerun layuka jere har gindin takarda, biro kala-kala, kowanne da shekararsa. Ashe duk shekara sai ya ɓamɓare shafin ya rubuta ya sake mannewa. Magana ɗaya ce yake maimaitawa. Ta karanta na ƙarshen kaɗai.

“‘Bana ma na kasa.’”

Hannuwan Baba Ƙarami suka warware da kansu. Shi duk zamansa ya ɗauka gidan ya dawo hannun yayansa bayan abin da ya faru, ya shiga cikin gado, bai taɓa ganin takardun da idonsa ba. Ya ce ƙarya ne, rubutun littafi ba hujja ba ne.

Sai a lokacin ta fito da makullin durowa. Ta buɗe da kanta, ta zaro ambulan mai ruwan ƙasa, ta miƙa wa Baba Dogo ta ce ya duba sunan da ke ciki, shi ne babba a wurin. Ya sa tabarau, ya bi takardar da yatsa har ƙasa, ya duba hatimi. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa gaba. Da ta zagayo, Baba Dogo ya ce wa Baba Ƙarami ba shi da abin sayarwa a nan.

'Yar Ofis ta tsaya a tsakiyar ofis, littafin a ƙirjinta.

“Ka ce ni ba jininku ba ce, na ji. Ka tona shi don ka karya ni, shi ma na ji. Abin da ya ɓoye min tsakanina da shi ne, ni zan yi kukana, ni zan san ranar da zan yafe. Amma mutumin da ya yi ƙarya sau ɗaya ya shekara ashirin da bakwai yana shiga ruwa don kada ya sake, ba kai za ka zauna a kujerarsa ka maimaita ƙaryar da fenti iri ɗaya ba. Ubana ne. Tashi daga kujerar.”

Bai tashi ba, amma bai iya ɗaga ido ba.

Ta zura hannu a jaka ta fito da makulli mai jan zare, ta ɗaga shi kowa ya gani. Ta ce gobe da safe za ta kira masu rusau, kuma daga nan zuwa goben babu ɗan Adam ɗin da zai taka cikin gidan nan, ga makullin a hannunta. Sannan ta juya ta ba Direba haƙuri, ta ce ta yi alkawarin nema masa gidan da zai kwana da iyalinsa hankali kwance.

Direba ya miƙe a hankali. Biron ya faɗi daga hannunsa bai ɗauka ba. Idonsa na kan jan zaren.

“Malama, wannan makullin na wace ƙofa ne?”

“Na gidan da ka zo saya.”

“Ai an fasa wannan kwaɗon. Tun ɗazu nake so in faɗa, ana hana ni.” Ya laluba aljihu ya fito da sabon makulli yana ƙyalli. “Shekaranjiya Baba Ƙarami ya ba ni wannan, ya ce sa hannu kawai ya rage, in shiga abina. Yau da sassafe muka kwashe kaya.”

Sai yanzu ta gane farin fentin da ke kafaɗarsa.

“Su waye a ciki?”

“Matata da yara uku. Da zan fito ta shimfiɗa wa ƙaramin katifa a ɗakin barcin, jikin bangon da kike faɗa.”

Ɗigon farko ya bugi kwanon rufin ofis, na biyu ya biyo shi, kafin kowa ya ce wani abu ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. 'Yar Ofis ta jefa littafin a cinyar Baba Dogo, ta fizgi sandar babanta daga bayan ƙofa, ta ce wa Direba ya kira matarsa yanzu, ta fito da yaran ko takalmi kada ta tsaya ɗauka.

Ya danna lambar, ya kara a kunne. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

Ya sake kira. Ba a ɗauka ba.